Rawani da Takarda: Yadda Zango Ya Koyi Ma'anar Ɗan Ƙasa



Hausawa na cewa baƙo raɓa, ɗan gari kaba. A al'adarmu, mutumin da ya shekara arba'in a gari, ya yi aure, ya hayayyafa, ya binne iyayensa a maƙabartar garin, ba mai sake kiransa baƙo. Doka kuwa tana da nata mudu dabam, kuma sau biyu a tarihin ƙasar nan aka auna mu da shi muka ji jiki. Ya kamata matasanmu na Nima da Mamobi da kewayen Kasuwar Malam Atta su san yadda abin ya faru.

Kakanninmu sun iso ƙasar nan ta hanyoyi uku: fataucin goro, malanta da aikin soja. Fatake sun daɗe suna zuwa Salaga a ƙasar Gwanja, kuma bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 da yawansu suka gangaro kudu. Wasu sun zo cikin rundunar Kyaftin Glover a yaƙin Turawa da Tonawa na 1873 zuwa 1874. A Ankara, Malam Bako ya kafa Sabon Zango a farkon ƙarni na 20 bisa filin da sarakunan Ankarawa suka ba shi, Malam Futa kuma ya sami filin Nima daga gidan Odoi Kwao a farkon shekarun 1930. Unguwar da Kasuwar Malam Atta take, wadda yau ake kira Accra New Town, a da sunanta Lagos Town, saboda yawan mutanen Najeriya da ke cikinta.

Kowane zango ya naɗa sarkinsa. Aikin Sarkin Zango shi ne saukar da baƙi, sasanta rigimar aure da gado da bashi, da tsayawa a madadin jama'arsa gaban masu ƙasa da Turawa. Ikonsa a kan mutane yake, ƙasa kuwa ta masu ita ce. A zamanin nan ba wanda ya damu da tambayar ƙasar da mutum ya fito, domin tuta ɗaya ce ke kaɗawa a Kano da Ankara, kuɗi ɗaya ake kashewa. In mutum ya iso, ya sami mai masauki, ya kai gaisuwa fada, magana ta ƙare.

Ranar 6 ga Maris 1957 al'amari ya sake. Ƙasa mai mulkin kanta dole ta fayyace su wane ne 'ya'yanta, domin su ne masu zaɓe, su ne kuma waɗanda ba a iya kora. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta ce haihuwa a Gana kaɗai ba ta wadatar ba, sai in wani daga magabatan mutum shi ma a nan aka haife shi. Da wannan sharaɗi, yara da yawa da aka yanke wa cibiya a Zango suka wayi gari baƙi a idon hukuma.

Gwaji na farko ya zo a shekarar nan. Musulmi suna da jam'iyyarsu, MAP, wadda ke adawa da CPP ta Kwame Nkrumah. A 1957 gwamnati ta ba da umarnin fitar da manyan jagororinta biyu na Kumasi, Sarkin Zango Alhaji Amadu Baba da Alhaji Usman Ladan, zuwa Najeriya. Suka garzaya kotu suna cewa su 'yan ƙasa ne, doka ba ta yarda a kore su ba. Kafin alƙali ya yanke hukunci, majalisa ta yi wata doka ta musamman mai ɗauke da sunayensu, wadda ta rufe shari'ar, aka fitar da su. A nan ne ake gane hikimar raba iko gida uku: majalisa ta yi doka, gwamnati ta zartar, kotu ta auna. Ranar da biyu suka haɗa baki suka toshe ta ukun, ko mai rawani ba shi da wurin kai kuka. Kafin shekarar ta ƙare aka haramta jam'iyyun addini da na ƙabila da na yanki, MAP kuwa ta riga ta narke cikin jam'iyyar UP ta Kofi Busia.

Gwaji na biyu ya fi zafi, kuma daga hannun aminin jiya ya fito. Busia ya zama Firayim Minista a 1969, kuma ranar 18 ga Nuwamba gwamnatinsa ta ba duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama kwana 14 ya bar ƙasar. Dubun dubatar mutane suka sayar da gidaje da rumfuna a kan kuɗi ƙalilan, suka cika motoci zuwa Najeriya, Nijar, Togo da sauran maƙwabta. Cikinsu har da waɗanda ba su taɓa ganin garin kakanninsu ba. Wanda ya ce a nan aka haifi tsohonsa, sai a ce ina shaida, ga shi ba a rubuta haihuwar ba. A 1983 Najeriya ta yi irin wannan ga mutanen Gana kusan miliyan ɗaya, abin da ya nuna kowa baƙo ne a wani wuri.

Tsarin mulkin 1992, wanda ya fara aiki ranar 7 ga Janairu 1993, ya gyara abubuwa da dama. Sashe na 1 ya ce mulki na jama'a ne, kuma duk dokar da ta saɓa wa tsarin mulki ɓatacciya ce. Sashe na 6 ya ce wanda aka haifa bayan fara aikinsa ɗan ƙasa ne matuƙar ɗaya daga iyayensa ko kakanninsa ɗan Gana ne. Sashe na 17 ya hana nuna bambanci saboda ƙabila ko addini. Sashe na 42 ya ba kowane ɗan ƙasa mai hankali da ya kai shekara 18 damar zaɓe. Wanda bai gaji ƙasar ba, dokar 2000 ta buɗe masa ƙofar nema ta hanyar aure ko daɗewar zama. A 2017 kuma majalisa ta kafa Asusun Raya Zango, sunanmu ya shiga kundin doka.

Duk da haka, haƙƙin da ba a iya tabbatarwa kamar bashi ne marar shaida. Har yau ɗanmu yakan je neman fasfo ko Ghana Card, a ji sunansa Garba ko Ɗanjuma, a tsananta masa tambaya. Abin da ke raba gardama a wurin shi ne takardar haihuwa, tasa da ta iyayensa. Addininmu ma ya umarce mu da rubuta bashi komai ƙanƙantarsa, balle asalin 'ya'yanmu.

Saboda haka, ranar suna, bayan an raɗa wa jariri suna an raba goro, a je a rubuta shi a ofishin rajistar haihuwa. Tsofaffin takardun gida da na fili a adana su kamar yadda ake adana littattafan malam. Sarakunanmu su ci gaba da sulhu da riƙon zumunci, wannan gadonmu ne, mu kuma mu koya wa yara karanta tsarin mulkin ƙasarsu. Kakanninmu sun biya kuɗin wannan darasi da gidajensu, bai kamata jikoki su sake biya ba.

Allah Ya jiƙan magabata, Ya zaunar da ƙasarmu Gana lafiya.