Tashar Mayakofski: Sha'iri a Ƙarƙashin Birnin Mosko

Masu iya magana kan ce, in ka ji wane ba banza ba. A wannan maƙala za mu leƙa wata tashar jirgin ƙasa da ke mita 33 a ƙarƙashin birnin Mosko, wadda aka raɗa wa sunan sha'iri Biladimir Mayakofski, domin mu ga abin da hukuma kan yi da marubuci bayan ya kwanta dama.

An haifi Mayakofski a Jojiya a 1893. Ya sadaukar da alƙalaminsa ga juyin juya halin 1917, amma daga baya masu sharhin adabi na jam'iyya suka sa shi gaba da suka. Ranar 14 ga Afrilu, 1930, ya harbe kansa. A 1935 Stalin ya yabe shi a rubuce, nan da nan waɗanda suka juya masa baya suka koma yi masa kirari, aka kuma sa wa wani dandali sunansa.

A ƙarƙashin wannan dandali ne aka buɗe tashar ranar 11 ga Satumba, 1938, shekara uku bayan fara aikin jiragen ƙarƙashin ƙasa a birnin. Alekse Dushkin ne ya tsara ginin. Maimakon kakkauran ginshiƙai irin na sauran tashoshi masu zurfi, ya tsayar da sirara, ya lulluɓe su da ƙarfe marar tsatsa. A rufin akwai zane 34 na Alezanda Deyneka, waɗanda aka harhaɗa da gutsattsarin gilashi masu launi. Duk wanda ya ɗaga kai zai ga sararin samaniya, da jirage, da 'yan wasa, da rassan itatuwa. Tsarin ya ci babbar kyauta a baje kolin duniya na New York a 1939. Sai dai kada mu manta, a daidai lokacin da ake wannan ado, a 1937 da 1938, ana kame da kisan dubban ɗaruruwan mutane a doron ƙasa, har da marubuta.

Da yaƙi ya zo a 1941, tashar ta zama mafaka, mata da yara na kwana a cikinta saboda ruwan bama-baman Jamus. Ranar 6 ga Nuwamba, abokan gaba na dab da birnin, a nan Stalin ya yi jawabin da aka watsa ta rediyo. Shi kuwa Biladimir Furolof, wanda ya harhaɗa zanen rufin a Leningirad, yunwar ƙawanyar da aka yi wa birnin ce ta kashe shi a 1942.

A 1958 aka kafa mutum-mutumin sha'irin a dandalin. Matasa suka mayar da gindinsa wurin karanta waƙoƙi, ciki har da waɗanda hukuma ba ta so, har aka murƙushe taron a 1961, aka ɗaure wasunsu. Wato sunan da gwamnati ta ara domin ta yi ado da shi, shi ne ya tara mata masu ƙorafi.

Tarayyar Sobiyat ta rushe a 1991, dandalin ya koma tsohon sunansa a 1992. Tashar kuwa har gobe sunan sha'irin take amsawa.