Hannun da Ke Bayan Kalangu: Masu Haɗa Kayan Kiɗa a Birnin Katsina

Duk wanda ya taɓa tsayawa a Ƙofar Soro, bakin fadar Katsina, ranar hawan salla ya san kunne ne ke riga ido ganin Sarki. Kakaki ne zai fara tsaga iska, algaita ta biyo shi, tambura su amsa daga ƙasa, sannan dawaki su bayyana. A cikin wannan taro kowa zai iya kawo maka sunan Mamman Shata, dattawa kuma su ƙara da Sarkin Taushin Katsina. Amma ka tambayi wane ne ya sassaƙa kalangan da aka kaɗa wa Shata har zuwa rasuwarsa a 1999, ko wanda ya rufa taushin fada, sai wuri ya yi tsit. Hujjar wannan maƙala ita ce, abin da ya fi kusa da salwanta a kiɗan Katsina shi ne ilmin haɗa kayan kiɗan. Waƙoƙin suna nan a faifai da waya, amma abin da hannun masassaƙi ya sani ba a ɗauke shi a ko'ina ba.

Manazarta ba su yi wa kiɗan Hausa rowar alƙalami ba. A 1971 David Ames da Anthony King suka fitar da ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa, kuma a Katsina King ya yi nasa binciken. Daga baya malamai irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau suka shimfiɗa hanyar nazarin waƙar baka, ɗalibai suka bi sawu da kundaye masu yawa kan turke da salo da amshi. Sai dai galibin wannan aiki a bakin mawaƙi ya tsaya. Kayan kiɗa kan samu 'yan layuka a gabatarwa, a ce wane da kotso yake kiɗa, wane kuma da kukuma, daga nan a wuce zuwa matani.

A dubi kalangu, wanda Bahaushe ya daɗe da sanin sa a matsayin kiɗan mahauta da 'yan dambe kafin Shata ya kai shi ko'ina. Masassaƙi ne ke fara aikin, da zaɓen icce, kuma alilliba na cikin itatuwan da aka fi so saboda rashin nauyi da daɗin sassaƙa. Zai sa gizago ya fitar da siffa, baki biyu masu faɗi da ƙugu siriri, sannan ya rarake cikin. A nan gwaninta take. In bangon ya yi kauri, murya ta toshe. In ya cika sirantaka, iccen ya tsage da zuwan hunturu. Babu ma'aunin da ke faɗa masa inda zai tsaya, sai ƙwanƙwasawa da sauraro. Bayan icce ya bushe sai a rufa bakunan da fatar ɗan akuya mai laushi, a haɗa su da tsarkiya, wato zaruruwan fatar da makaɗi ke matsewa a hammata.

Wannan tsarkiya ita ce ta mai da kalangu mai magana. Hausa harshe ne mai karin sauti, ma'anar kalma tana rataye da hawa da saukar murya. Idan makaɗi ya matse, sauti ya hau. Idan ya sassauta, ya sauka. Da haka ne ake kaɗa wa mutum takensa daga nesa ya gane da shi ake, ba tare da an buɗe baki ba. Kalangun da aka yi wa rufi marar kyau ba zai kai iyakar hawan da take ke bukata ba, sai maganar ta fito a gurgunce. Ke nan mai haɗa kalangu yana da hannu a cikin ma'anar abin da aka kaɗa, kuma nazarin da ya tsallake shi ya tsallake wani ɓangare na waƙar kanta.

Haka abin yake ga sauran. Kotso da taushi, da hannu ake kaɗa su, kuma akan liƙa danƙo a tsakiyar fata don a daidaita amo. Goge da kukuma ƙwarya ce aka rufe da fatar guza, aka ɗaura mata tsagiya daga wutsiyar doki, ana goga ƙaro a bakan don ya kama. Algaita na bukatar masassaƙi da maƙerin fari da baduku, kowa da nasa ɓangaren. Kayan kiɗa guda ɗaya yakan ratsa hannun mahauci da majemi mai jiƙa fata a ruwan bagaruwa, da maharbi, da mai doki, kafin ya iso ga makaɗi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma idan ɗaya daga cikin hannayen ya janye, jinkar ta karkace.

Hannayen kuwa suna janyewa. Manyan itatuwa sun yi ƙaranci a kewayen birni saboda itacen girki da gawayi, dajin Rugu kuma ya zama wurin da talaka ke tsoron shiga tun da 'yan bindiga suka mamaye shi. Tun daga shekarun 1990, da finafinan Hausa suka bunƙasa, fiyano ta karɓe aikin da ƙungiyar makaɗa guda ke yi, har tana kwaikwayon amon kalangu, mai biki kuma ya ga kiran mai na'ura ya fi masa sauƙi. Ga kuma tsohuwar ƙyamar da ake yi wa kiɗa da roƙo, wadda ke sa ɗan gidan sana'ar ya gwammace kabukabu ko sayar da katin waya a kan gadon ubansa. Ban ga laifin yaron ba. Sana'ar da ba ta ciyar da gida ba ta da bakin riƙe magaji.

Akwai masu cewa wannan kuka ne na masu son jiya, domin kayan kiɗa ba su taɓa zama wuri guda ba. Suna da gaskiya mai yawa. Kuntigin Ɗanmaraya Jos gwangwanin kifi ne aka rufe da fata, kuma babu wanda ya ce ba na Hausa ba ne. Kakaki ma baƙo ne a wani zamani. Tarihin Kano ya danganta fara busa shi ga Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Sunan algaita kansa daga Larabcin Magrib ya zo. Amma a lura da abin da ya faru a kowane misali. Baƙon abu ya shigo, sai ya faɗa hannun mutanen da suka san fata da icce da ƙarfe, suka sarrafa shi har ya yi magana da Hausa. Fiyano ba ta ratsa wannan hannu. A rufe take zuwa daga masana'anta, in ta lalace a sayi wata. Don haka ba tsarkin kayan haɗi nake karewa ba. In igiyar roba ta fi tsarkiyar fata jure damina, gwani ne zai gwada ya yanke hukunci. Gwanin nake so ya wanzu.

Wani misali daga nesa zai taimaka. A ƙasar Makedoniya ta Arewa, a yankin Balkan na Turai, ana busa zurla, 'yar'uwar algaita ta jini, tare da babbar ganga mai suna tapan, akwai kuma gaida da ake yi da salkar fatar akuya. Masu zurla da tapan galibi 'yan ƙabilar Roma ne, waɗanda ake nema ranar biki a raina su washegari, lamarin da maroƙin Hausa zai gane ba sai an yi masa bayani ba. A 1949 hukuma ta kafa ƙungiyar raye-raye da kaɗe-kaɗen gargajiya ta Tanec a birnin Skopje. Ƙungiya irin wannan mai saye ce ta dindindin: kayanta na tsufa, suna bukatar gyara da sabuntawa, mai haɗa su kuma ya samu dalilin koya wa yaro.

A Katsina fada ce ke taka wannan rawa, kuma ta cancanci yabo. Gwauron tambari na cikin kayan sarautar Katsina tare da takobin nan Gajere, kuma muddin ana hawan salla daga Gidan Korau, wato fadar Sarki, za a nemi mai gyaran tambari da mai ƙera kakaki. Shigar da hawan sallar Kano cikin jerin al'adun duniya na UNESCO a 2024 zai ƙara wa irin waɗannan kaya daraja a duk masarautun Arewa. Amma inuwar fada iya kayan fada ta rufe. Dundufar maƙera ba ta da uban gida, haka garayar maharba, haka gangar noma, haka shantun 'yan mata da ƙwaryar amada wadda Barmani Choge ta Funtuwa ta ɗaukaka. Waɗannan kayan talakawa ne, kuma su ne suka fi saurin ɓacewa.

Ajiye su a gidan tarihi, kamar wanda ke tsohon ginin Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, yana adana siffa kawai, domin fatar da ba a kaɗawa bushewa take yi ta tsage. Aikin da ya kamaci sassan Hausa, musamman na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da ke bakin ƙofa, shi ne su tura ɗalibi ya zauna a rumfar masassaƙi daga ranar saran icce har ranar da aka fara kaɗawa, da na'urar ɗaukar hoto da sauti, ya rubuta sunan kowane ɓangare yadda mai sana'ar ke kiran sa. A biya dattijon kuɗin lokacinsa, a rubuta sunansa a kan aikin, sannan a sayi kalangun a miƙa wa wanda zai kaɗa shi.