Asalin Darasin Sunaye Masu Ƙirguwa da Marasa Ƙirguwa a Ajin Turanci

Malaman Turanci a makarantun Tudun Wadar Sakkwato sukan yi kukan cewa ɗalibansu suna liƙa harafin jam'i a jikin kalmomi irin su advice da information. Sau da yawa akan ɗora laifin a kan sakacin yara, alhali kuwa tarihin darasin kansa yana nuna wani abu dabam.

Nazarin nahawu ya daɗe a ƙasar Sakkwato kafin zuwan boko. Almajiri yakan fara da Ajurumiyya, ya kai ga Alfiyyar Ibn Malik, sannan ga Bahrul Muhiɗ na Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya rasu a 1829. A wannan tsari ana kula da tilo da tagwai da jam'i, ana kuma sanin sunan jinsi, kamar tamr, wato dabino, wanda ƙwararsa guda ita ce tamra. Saboda haka tunanin ba baƙo ba ne.

Abin da ya zo daga baya shi ne mayar da shi ƙa'idar aji. Otto Jespersen, mutumin Denmark, ya tattauna sunayen da ba su ƙirguwa a littafinsa na falsafar nahawu na 1924. Amma wanda ya kai su hannun ɗalibi shi ne A. S. Hornby, Bature mai koyarwa a Japan, inda harshen ɗalibansa bai cika rarrabe tilo da jam'i ba. A ƙamusunsa da aka buga a Tokyo a 1942 ya sanya wa sunaye alamar C ko U. Kamfanin Oxford ya sake buga shi a 1948, ya kuma bazu cikin makarantun ƙasashen da Ingila ta mallaka, har da namu.

To, maganin da aka haɗa domin Bajapane ne aka miƙa wa Bahaushe, ga shi kuwa ciwon ba ɗaya ba ne. Bahaushe jam'i ya yi masa yawa. Ya san gero ba ya ƙirguwa sai da mudu, nan babu gardama. Amma yana da shawarwari da bayanai da kayayyaki, waɗanda takwarorinsu na Turanci ba su karɓar jam'i. Kuɗi ma asalinsu jam'in wuri ne, shi ya sa ake cewa kuɗi sun ƙare, yayin da Turanci ke ɗaukar kalmarsa tamkar ruwa. Waɗannan wurare na saɓani kuwa, alamar C da U ba ta faɗa wa yaro kome game da su.