Jelar 'Yar Ruwa da Matsalar Shanya

A ranar 13 ga Oktoba, 1947, wani tsohon sojan ruwan Amurka mai suna Newton Perry ya buɗe gidan kallo a bakin maɓuɓɓugar Weeki Wachee da ke jihar Florida. 'Yan kallo na zaune a bayan gilashi, 'yan mata kuma na rawa a ƙarƙashin ruwa suna zuƙar iska ta wani dogon bututu. A nan aka mayar da 'yar ruwa sana'ar da ake biyan albashi, ko da yake Annette Kellerman, 'yar ƙasar Ostareliya, ta riga su fitowa a matsayin 'yar ruwa a fim tun 1911. Kamfanin talabijin na ABC ya sayi wurin a 1959, kuma tun 2008 gwamnatin jihar ke riƙe da shi.

Jelar yadi ba ta da wahalar sha'ani: a wanke, a rataye, iska ta busar. Al'amarin ya canza ne bayan fim ɗin Splash na 1984, inda Daryl Hannah ta yi ninkaya da jelar da Robert Short ya ƙera, mai ɓawo kamar na kifin gaske. Daga nan wasu masu sha'awa suka daina gamsuwa da yadi. Aka koma roba, daga baya silikon, ana cusa masa faffaɗan filafili guda mai haɗe ƙafafu biyu, irin wanda 'yan gasar ninkaya suka fito da shi a Tarayyar Sobiyet. Jela ta yi kyau, ta yi nauyi, kuɗinta ya kai dubban daloli.

To amma silikon ba ya barin iska ta ratsa shi. Jelar tamkar dogon buhu ce mai baki ɗaya. Ruwa ya kan kwanta can ƙasa wajen ƙafafu, inda hannu ba ya kaiwa, tare da gumi da kulorin. Kwana kaɗan sai funfuna ta kama shafin ciki, sai wari, sai ƙaiƙayi a fatar mai ita. Rataye ta a igiya kuwa ganganci ne, domin nauyinta kan ja silikon ya yage, kuma gyaran yagewar ba na kowa ba ne. Mai nishaɗantar da yara a wurin biki da jela ɗaya tak, idan ta ruɓe, jarinta ne ya tafi.

Maganin bai fito daga masana'anta ba. Masu jelar ne da kansu suka nufi shagon kayan famfo, suka sayo bututun PVC da mahaɗansa, suka haɗa mashanya: gindi mai faɗi don kada ta kife, da dogayen bututu biyu da ake zura jelar a kansu, bakinta ƙasa, filafilin sama da abin tallafe shi. Ruwa ya tsiyaye, cikin ya zauna a buɗe. Wasu kan huhhuda bututun su sa fanka ta tura iska har ƙurya, wasu su naɗe kan bututun da soso don kada ya huda jelar. (Abin dariya ne kaɗan: kayan dubban daloli, mai cetonsa bututun banɗaki.) Yawancinsu ba sa manne mahaɗan da gam, saboda bayan wasa sai an kwance mashanyar an jefa a bayan mota.