Tsutsar Morris: Daren da Bangon Intanet ya Tsage

Masu iya magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A wannan taƙaitaccen nazari za mu waiwayi tarihin "tsutsar kwamfuta", wato muguwar manhajar da ke hayayyafa, tana tsallakawa daga na'ura zuwa na'ura da kanta ba tare da wani ya taɓa komai ba, domin mu ga darasin da ta bar wa masu tsaro.

A daren 2 ga Nuwamba, 1988, wani ɗalibin babban digiri a Jami'ar Cornell ta Amurka, Robert Tappan Morris, ya saki manhajar da ya rubuta ta hanyar wata kwamfuta ta cibiyar MIT. A lokacin kwamfutocin da ke kan intanet ba su wuce kimanin 60,000 ba, akasarinsu na jami'o'i da cibiyoyin bincike, kuma masu su sun amince da juna tamkar 'yan unguwa ɗaya. Tsutsar ta bi ta wata ƙofar gwaji da aka bari a buɗe cikin manhajar aika wasiƙu mai suna sendmail. Ta kuma bi ta manhajar finger, wadda idan aka ɗura mata saƙon da ya fi ƙarfin ma'ajiyarta sai ta bi umarnin baƙo. Haka kuma ta shiga cankar kalmomin sirri marasa ƙarfi.

Morris ya tsara ta yadda za ta bincika ko 'yar'uwarta ta riga ta shiga na'ura, amma gudun kada a yaudare ta, sai ya sa sau ɗaya cikin bakwai ta zauna ko da akwai wata a ciki. Wannan ne ya jawo ɓarna, domin tsutsotsi sun yi ta taruwa a na'ura guda har ta kasa motsi. An ƙiyasta cewa kimanin kwamfutoci 6,000 ne suka kamu.

Da gari ya waye, cibiyoyi da dama suka yanke layinsu daga intanet. Hakan ya tare tsutsar, amma kuma ya tare wasiƙun da ke ɗauke da bayanin maganinta. Masana a Berkeley da Purdue da MIT ne suka feɗe ta, aka fitar da gyaran da ya toshe kafofin. A watan nan ne aka kafa cibiyar ɗaukin gaggawa ta CERT a Jami'ar Carnegie Mellon, domin a sami wurin kai rahoto da rarraba gyara. A 1990 kotu ta sami Morris da laifi, ta ɗora masa shekara 3 ƙarƙashin sa-ido, da aikin al'umma na awa 400, da tarar dala 10,050.

Shin duniya ta ɗauki darasi? A Janairun 2003 tsutsar Slammer ta kama na'urori kusan 75,000 cikin kimanin minti 10, alhali Microsoft ya fitar da gyaran kafar da ta bi wata 6 kafin nan. A watan Mayun 2017 WannaCry ta bazu a ƙasashe kimanin 150, ta tsayar da aiki a asibitocin Ingila da dama, ita ma wata 2 bayan fitowar gyaranta.

A nan za mu ga cewa sau da yawa ba rashin magani ke kayar da mu ba, jinkirin shan sa ne. Tsutsa ba ta jiran mai gadi ya farka, don haka tsaro na gaskiya shi ne wanda aka yi tun kafin ta iso: a sa gyara da zarar ya fito, a rufe duk ƙofar da ba a amfani da ita, a kuma raba na'urori rukuni-rukuni yadda wutar ɗaki ɗaya ba za ta cinye gida ba. Mu da karatunmu da sakamakon jarrabawarmu suka koma cikin kwamfuta, liƙe bangon nan ya zama wajibinmu.