RADV

RADV buɗaɗɗiyar manhaja ce ta direba, wadda ke haɗa wasannin kwamfuta da katin hoto na Radeon na kamfanin AMD a tsarin Linux. Tana aiki da ƙa'idar Vulkan, kuma tana cikin Mesa, aikin da Brian Paul ya fara a shekarar 1993. Kowa na iya karanta lambobinta, ya gyara su, ya kuma rarraba su kyauta.

Tarihi

Dave Airlie na kamfanin Red Hat da Bas Nieuwenhuizen ne suka fara RADV a shekarar 2016, ba a ƙarƙashin AMD ba. Daga baya kamfanin Valve na Amurka, mai kasuwar wasanni ta Steam, ya shiga biyan masu aiki a kanta. A 2019 ya gabatar da ACO, sashen da ke juya umarnin zane zuwa abin da katin ke ganewa, domin rage tsinkewar da wasa ke yi.

Dalilin zuba kuɗi

Valve yakan karɓi kashi 30 cikin 100 na kuɗin yawancin wasannin da aka sayar a Steam, amma galibin masu sayen suna amfani da Windows, mallakar Microsoft, wanda shi ma yana da nasa shagon wasanni. Domin rage wannan dogaro, Valve ya fitar da Steam na Linux a 2013, sannan Proton a 2018, wanda ke sa wasannin Windows su yi aiki a Linux. Proton yana bi ta Vulkan ne, don haka idan direba ba shi da inganci, wasa ba zai tafi daidai ba.

Na'urar Steam Deck da ta fito a Fabrairun 2022 da RADV take aiki. Idan sabon wasa ya zo da matsala, injiniyoyin Valve suna iya gyara direban da kansu ba tare da jiran AMD ba.

Ƙalubale

Duk gyaran da kamfani ɗaya ya biya, abokan hamayyarsa ma za su amfana da shi kyauta. Haka kuma aikin yana iya raguwa idan babban mai ɗaukar nauyinsa ya janye. A 2025 AMD ya dakatar da nasa buɗaɗɗen direban, AMDVLK, ya koma goyon bayan RADV.