Gashin Kanti da Jita Mai Tsirkiya Huɗu: Tarihin B-52's da Batun Girmamawa

Masu sharhi a kan fasaha, ko ta waƙa ko ta rubutu, suna da wata tsohuwar ɗabi'a, wato su shimfiɗa wa wanda ya sa su kuka darduma a gaba, shi kuwa wanda ya sa su dariya a bar shi a bakin ƙofa wurin takalma. Wannan ɗabi'a ce ta sa na ga ya dace in kawo wa 'yan uwa marubuta tarihin wata ƙungiyar mawaƙa ta Amurka mai suna B-52's, wadda ta shafe fiye da shekara arba'in tana sa mutane rawa, amma da wuya a ji sunanta idan ana lissafa manyan makaɗan zamaninta. Tambayar ita ce, shin an tauye musu haƙƙi ne, ko kuwa daidai ruwa daidai tsaki?

Labarin ya soma a garin Athens, ba na ƙasar Girka ba, wani ƙaramin garin jami'a ne a jihar Jojiya, gabas da birnin Atlanta. A 1976 wasu abokai biyar suka fita cin abinci a wani gidan abincin 'yan Sin, daga nan suka wuce gidan wani abokinsu suka kama kaɗe-kaɗe don nishaɗi. Su ne Fred Schneider da Kate Pierson, waɗanda duka asalinsu 'yan jihar New Jersey ne, da Keith Strickland, da Ricky Wilson, da ƙanwarsa Cindy wadda a lokacin shekarunta 19. Wasansu na farko a gaban jama'a sun yi shi ne a watan Fabrairu na 1977, a wata liyafa a gidan abokai. Sunan kuwa daga gyaran gashi suka samo shi. A kudancin Amurka akwai wani yayi na shekarun 1960 inda mata kan tula gashi sama kamar amya, ana ce masa B-52 saboda ya yi kama da hancin jirgin yaƙin nan mai ruwan bama-bamai. Kate da Cindy suka riƙa sa gashin kanti irin wannan, da riguna na gwanjo masu ɗaukar ido, Fred kuma ya tsaya tsakaninsu yana magana da ƙarfi kamar mai shelar gari.

Turawa suna da kalma guda da suke kiran irin wannan salo, wato camp. Ba ta da takwara kai tsaye a Hausa, amma duk wanda ya taɓa ganin ɗan tashe ya liƙa gemun auduga yana tafiyar tsofaffi ya san gefenta: a ɗauki abu a wuce gona da iri da shi da gangan, mai yi ya san wasa ne, mai kallo ma ya sani, amma akwai ƙauna ga abin da ake kwaikwayo. Marubuciya Susan Sontag ta yi wata shahararriyar maƙala a kan haka a 1964, inda ta nuna cewa wannan ɗanɗano ya fi bunƙasa a tsakanin maza masu neman jinsinsu, kuma mazan ƙungiyar nan uku duk daga cikinsu suke. Na ambaci wannan ne domin yana cikin dalilan da suka sa wasu masu sharhi na wancan lokaci, waɗanda suka ɗauki kiɗan rok a matsayin fagen nuna jarumtaka, ba su taɓa yi musu kallon tsara ba.

Daga ƙarshen 1977 suka fara tuƙa mota zuwa New York, tafiyar yini guda cur, suna wasa a Max's Kansas City da CBGB, wuraren da Ramones da Blondie da Talking Heads suka yi suna. A nan ne aka jefa su cikin rukunin da ake kira new wave, wato sabon yayin da ya biyo bayan kiɗan fank na 'yan tawaye, wanda ya riƙe sauƙinsa da saurinsa amma ya rage fushin. A 1978 wani ƙaramin kamfani na Atlanta, DB Records, ya fitar musu da "Rock Lobster". A shekara mai bi Chris Blackwell, mutumin da ya fito da Bob Marley ga duniya, ya kai su ɗakin ɗaukar sautinsa na Compass Point a tsibirin Bahamas, ya ɗauki faifansu na farko kusan yadda suke kaɗawa a kan dandamali, ba tare da ya yi masa kwalliya ba.

To, a nan ya kamata mu dakata mu tuɓe gashin kantin mu ajiye gefe, mu saurari abin da ya rage, domin a nan hujjar take.

Abu na farko da makaɗi zai lura da shi shi ne ƙungiyar ba ta da mai kaɗa jitar bas, wadda a al'adar rok ita ce ginshiƙin da ke riƙe da ɗaki. Ricky Wilson ne ya toshe wannan giɓi ta wata hanya tasa ta kansa. Jitarsa ƙirar Mosrite ce, mai tsirkiya shida, sai ya cire biyu na tsakiya, ya sassauta na kauri har amonsu ya yi ƙasa sosai, ya ɗaure siraran biyu a kan murya ɗaya. Da haka hannu guda ke fitar da gurnani daga ƙasa da ƙara mai kaifi daga sama, tsakiya kuwa fayau, babu komai. Wannan fili da ya bari shi ne muryoyi uku da ogan ɗin Kate ke shiga suna fita. Ita Kate ɗin, da hannu ɗaya take buga amon bas a kan allon kiɗa alhali tana rera waƙa, aikin da duk wanda ya gwada ya san ba na yara ba ne. Ba a makaranta Ricky ya koyi wannan ba, kuma kusan kowace waƙa da nata ɗaurin tsirkiyar, shi ya sa masu jita da dama da suka zauna su kwaikwayi waƙoƙin da ɗauri na yau da kullum suka ga abin ya ƙi fita daidai. Waƙar da kunne ke ji kamar wasan yara, yatsa ya taɓa ya ji ƙaya.

Sa'an nan ga muryoyin. Kate da Cindy sukan rera tare a kusa da juna ƙwarai, wani lokaci su haɗe kamar murya ɗaya, wani lokaci su goga har kunne ya ji tsami kafin su rabu, irin abin da aka sani a waƙoƙin mutanen duwatsun kudancin Amurka. Fred kuwa ba ya rerawa sosai, jefa magana yake yi a kan kari, su kuma su amsa. Mai karatu da ya saba da jagora da 'yan amshi ba zai ga baƙon abu a nan ba, sai dai su a wurinsu jagorancin yawo yake yi, ba a san wanda zai karɓa ba sai ya karɓa. Wanda ke zaton ba su iya komai ba sai shiririta, ya nemi "Give Me Back My Man" ta faifansu na biyu, Wild Planet na 1980, ko "Dance This Mess Around", ya ji yadda muryar Cindy ke tsagewa da ɓacin rai na gaske a tsakiyar waƙar da aka gina kamar ta raha.

Ita kanta "Rock Lobster" ɗin, wadda ta kusa minti bakwai a faifai, labarin wata liyafa ce a bakin teku da ta rikiɗe ta zama jerin sunayen halittun ruwa, na gaske da na ƙirƙira, matan suna kwaikwayon kukansu. Abin dariya ne, ba musu. Amma waɗancan koke-koke daga Yoko Ono suka ɗauko su da saninsu, matar da a lokacin yawancin masu sauraron rok ke yi wa ba'a. A 1980 John Lennon, wanda ya yi shekara biyar bai fitar da faifai ba, ya ji waƙar a wani gidan rawa a Bermuda, kuma shi da bakinsa ya gaya wa mujallar Rolling Stone cewa ya ji ta kamar kiɗan Yoko, abin da ya nuna masa lokaci ya yi da za su koma aiki. A watan Nuwamba na shekarar faifansu Double Fantasy ya fito, makonni kaɗan kafin a harbe shi ranar 8 ga Disamba. Ba na cewa waƙa guda ce ta tashe shi, mutum irin Lennon ba ya rasa dalilai. Abin lura shi ne kunnensa ya tsallake barkwancin ya kama abin da ke ƙasa.

Gaskiya kuma ba ta da ƙafa ɗaya. Masu raina su suna da abin riƙewa. Mesopotamia na 1982, wanda David Byrne ya jagoranci ɗaukarsa, bai kammalu yadda aka so ba, da waƙa shida kawai ya fito. A Whammy! na 1983 sun jingina da na'urar ganga, wadda ta daskarar da motsin da aka san su da shi. Daga baya, a 1994, sun yarda sun fito a fim ɗin Flintstones da sunan BC-52's, sanye da kayan mutanen kogo, wato su da kansu suka miƙa wa masu sukarsu sanda. Wanda ya fara saninsu daga nan, ba laifinsa ba ne idan ya ɗauke su 'yan wasan yara.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne abin da ya faru tsakanin 1985 da 1989. A watan Janairu na 1985 sun yi wasa a bikin Rock in Rio na Barazil, gaban taro mafi girma da suka taɓa gani. Ricky yana ɗauke da cutar ƙanjamau, amma ban da Keith babu wanda ya gaya wa a ƙungiyar, har ƙanwarsa. Zamani ne da mai wannan ciwo kan rasa aiki da gida da dangi idan aka sani. Ya rasu ranar 12 ga Oktoba, 1985, yana da shekara 32, kwana goma bayan rasuwar ɗan fim Rock Hudson da ciwo iri ɗaya. Faifan da suka gama tare, Bouncing Off the Satellites, ya fito a 1986 ba su zagaya da shi ba, ya nutse shiru. Kowa ya ɗauka an gama.

Keith, wanda ganga yake kaɗawa, shi ne ya ajiye sanduna ya ɗauki jita, ya zauna yana bin hanyar abokinsa na tun makarantar sakandare har ya fara haɗa sababbin kiɗa. Da sauran ukun suka ji, suka dawo. Sakamakon shi ne Cosmic Thing na 1989, wanda Nile Rodgers na ƙungiyar Chic da Don Was suka raba aikin ɗaukarsa. "Love Shack" da "Roam" kowace ta kai lamba 3 a jadawalin Billboard, faifan ya sayu fiye da miliyan 4 a Amurka kaɗai. Yawancin masu rawa da "Love Shack" a wurin biki ba su san daga ina ta fito ba. Faifan nan waiwaye ne zuwa Athens na ƙuruciyarsu, lokacin da Ricky ke raye: bukkar da ake waƙa a kanta tana da alaƙa da wani ɗaki mai rufin kwano a bayan gari inda Kate ta zauna, "Deadbeat Club" kuwa hoton samari ne marasa ko sisi da ke kashe yini a hira da shan kofi. Mutane huɗu da aka yi wa rashi suka zaɓi su yi makokinsu da ganga maimakon kuka, kuma ba su rubuta hakan a goshin faifan don a tausaya musu ba. A nawa ganin, da sun fito da baƙaƙen kaya da waƙoƙin hawaye, da tuni an sa faifan cikin manyan ayyukan da annobar ƙanjamau ta haifar. Da yake sun yi shi da fara'a, sai aka ajiye shi a kwandon kiɗan liyafa.

Wannan wurin ya shafe mu, mu masu riƙe da alƙalami. Duk wanda ya taɓa ƙoƙarin rubuta shafi guda mai ban dariya ya san ya fi shafi goma na tausayi wuya, domin tausayi yana jure kuskure, dariya kuwa idan kalma ɗaya ta zo a makare ta mutu. Amma idan aka zo rabon kyauta ko zaɓen littafin da za a nazarta, sai mu koma ga mai ɗaure fuska, ko da aikinsa bai kai ba.

Ma'aunin da Amurkawa suka fi dubawa a wannan fage shi ne zauren karrama mawaƙan rok da ke birnin Cleveland, wanda ake cancantar shiga shekara 25 bayan faifan farko. Ramones da Talking Heads sun shiga a 2002, Blondie a 2006. R.E.M., 'yan Athens da suka kafu a 1980 bayan B-52's sun riga sun share wa garin hanya, kuma waɗanda suka gayyaci Kate ta rera musu a faifansu na 1991, sun shiga a 2007. Har zuwa zaɓen 2025 ba a saka B-52's ba. Ban ɗauki wannan zaure a matsayin alƙalin ƙarshe ba, kwamiti ne na mutane masu son zuciya kamar kowane kwamiti. Sai dai idan aka jera ƙungiyoyi biyar da suka fito daga rumfa ɗaya, aka kira huɗu aka bar ɗaya, kuma waccan ɗayar ita ce mai gashin kanti, to ba sai an yi duba ba kafin a gane inda gizo ke saƙa. Amsata ga tambayar da na fara da ita ke nan: faifan 1979 da Wild Planet da Cosmic Thing sun isa su zaunar da su sahu ɗaya da waɗancan, sauran kuwa a bar su inda suke.

Bayan Funplex na 2008, Keith ya daina fita yawon wasa a ƙarshen 2012. Fred da Kate da Cindy suka yi zagayen ban kwana a 2022, sa'an nan a 2023 suka fara wasanni a wani otal na Las Vegas, inda wani makaɗi da aka ɗauka aiki ke buga abin da Ricky ya ƙago da tsirkiya huɗu.